Inda Katangar Teku ta Ƙare

Tarawa, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Tabuaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya sanyin New Zealand? Ina fata hannunka da ya tsage wajen tsinkar tuffa ya warke. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana samun kifi, ko kuwa burodi ya gama mayar da kai Bature. Mu duk lafiya lau, sai rijiyarmu da ta koma zartsi. Yanzu ko aladu sai su shinshina ruwan su kau da kai.

Yaya, akwai maganar da ta hana ni sukuni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Ka san aikin ofishinmu na tsara gari: mu ke faɗin inda za a yi gini, inda hanya za ta bi, da filin da za a bari. To bana an ɗora mana abin da ya fi wannan nauyi. An samu tallafin gina katangar tare teku a unguwarmu, amma mita ɗari takwas kawai za ta kai, bakin ruwanmu kuwa ya ninka haka. Shugabanmu, Ten Kaiea, ya ce ni zan ja layin a taswira, tunda ni 'yar unguwar ce.

Na auna, na sake aunawa. In gaskiya za a bi, katangar za ta fara daga yamma, wajen gidan Nei Tiebane, ungozomar da ta karɓi haihuwarmu, domin can ƙasa ta fi kwari. Za ta kare makaranta da ɗakin shan magani, ta ƙare a gindin kwakwar Kawu Ioteba. Gidanmu da kabarin Baba suna waje da mita sittin.

Ga abin da mutanen unguwa ba su sani ba, mu a ofis mun sani. Inda katanga ta ƙare, nan teku yake huce haushinsa. Ruwan da aka tare yakan zagayo ya cinye ƙasar da ke gefe, fiye da in ba a yi ginin ba sam. Ban gaya wa Mama ba. Kullum da safe tana share kabarin Baba, tana gyara fararen duwatsun da ke kansa, ni kuwa sai in wuce aiki kaina a ƙasa.

Ka sa mu a addu'a. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rereao

*

Tarawa, 20 ga Oktoba

Yayana Tabuaka,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ga wasiƙarka da rigar sanyin da ka aiko wa Mama. Ta ce ta gode, amma ka gaya mata ranar da za ta sa ta a wannan zafin. Ka ce in yi abin da ya dace. Yaya, ban yi ba.

Ban san wanda ya tsegunta wa Kawu Ioteba ba. Ranar Litinin sai ga shi a ofis, ba takalmi, ya zauna kan kujerar baƙi ya ƙura mini ido. Ya ce, "Ke Rereao, an ce ke ce mai jan layi. To madalla. Ubanki ya sha rana a kwalekwale ya kai ki makaranta, yau kin samu alƙalami za ki miƙa shi ga kifaye."

Na ce, "Kawu, ba ni na zaɓa ba, awo ne."

Ya ce, "Awo yana da uba? Ke kina da shi, ga shi can kwance." Ya tashi ya fita, bai ko yi mini sallama ba.

Da aka tashi aiki na tsaya ni kaɗai, na buɗe taswirar a kwamfuta, na ja layin gaba ɗaya zuwa gabas da mita sittin. Bai ɗauke ni minti biyu ba. Tsawon katangar bai canza ba, don haka Ten Kaiea ya duba jimillar tsawon da ke ƙasan takardar kawai ya sa hannu. Gidanmu ya shiga. Gidan Nei Tiebane da gidaje uku na kusa da ita suka fita.

Ranar Asabar muka kai taswirar maneaba, babban zauren taron unguwa, inda dattawa suka zauna kowa a mazauninsa, mata a baya. Na yi bayani, muryata ba ta ko yi rawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da aka watse Nei Tiebane ta kamo hannuna tana dariya. Ta ce, "Ke 'yar nan, ranar da na ciro ki ko kuka kin ƙi yi sai da na mare ki, yau ga ki kina yi wa dattawa karatu! To ni ina nake a takardar?"

Na nuna mata. Ta kai fuska kusa, ta ce, "Au, ina waje kaɗan. Ba komai, ai katangar maƙwabciyata ce, za ta ɗan rufa mini asiri."

Na ce, "Haka ne, Kaka." Da bakina na faɗa.

An kafa turaku masu jan fenti, alamar inda katangar za ta bi, tun daga gefen ɗakin girkinta har bayan kabarin Baba. Kawu ya aiko mini da busasshen kifi. Na ba maƙwabta.

Ka ƙona wannan takarda in ka karanta.

Taka,
Rereao

*

Tarawa, 22 ga Fabrairu

Yaya,

Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, wasiƙunka biyu suna nan na kasa amsawa.

An gama katangar a Janairu. Tun daga lokacin duk mako nake zuwa yamma da igiyar awo, wai aikin ofis. Makon farko teku ya ci rabin mita a bayan gidan Nei Tiebane. Mako na uku gwandarta ta faɗi. Ita kuwa duk zuwana sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce a cikin ma'aikata ni kaɗai ce ke tunawa da su.

Shekaranjiya Laraba aka yi babbar cikowar ruwa, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Babu iska, babu hadari, rana tana nan fes. Ruwan ne kawai ya yi ta hauhawa, ya dafa katangar, ya bi jikinta zuwa yamma, ya kwararo ta ƙarshenta kamar an buɗe masa ƙofa. Ina tsaye ina kallo ya ɗauke ɗakin girkin, ya shiga ƙarƙashin rumfar da suke kwana. 'Yarta ta fito da jaririya a kafaɗa, ruwa har ƙugu. Ba wanda ya mutu, mun gode Allah.

Amma da ruwan ya janye, gefen kabarin mijin Nei Tiebane ya zube. Ba zan rubuta maka abin da muka gani ba. Tsohuwar ta durƙusa a cikin taɓo tana tattarawa da hannunta, tana sakawa a sabuwar tabarma, tana cewa, "Yi haƙuri, Tito, ka jiƙe." Sai ta ɗago ta gan ni. Ta ce, "Rereao, ke da kike da taswira, duba mini inda zan kwantar da shi, wurin da ruwa ba zai sake tashinsa ba."

A gidanmu ko ƙofar gida ba ta jiƙa ba.

Wata cikowar tana tafe a watan gobe, kuma takardar hasashen da ke ofis ta nuna za ta fi wannan.

Ƙanwarka,
Rereao

*

Tarawa, 6 ga Maris

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Kada ka bar aikinka ka taho, ba abin da zuwanka zai gyara.

Na kai wa Ten Kaiea taswirar farko da ta biyu, na ajiye su gefe da gefe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau ya ce, "Kin san ni na sa hannu?" An dakatar da ni daga aiki, za a yi bincike. Ya rubuta neman a ƙara mita sittin a yamma, amma ya ce ko an amince, bana ba za a fara ba. Ya ba da buhunan yashi ɗari biyu, mu da matasan coci muna ta jerawa. Duk mun san iyakar abin da buhu zai iya.

Ranar Asabar na tsaya a maneaba, gaban kowa, na faɗi yadda na sauya layin. Kawu Ioteba yana zaune a mazauninsa, bai ɗago ba. Wani ya yi tsaki, wata ta ce a fitar da ni. Nei Tiebane ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta ta fita, ta wuce ta gabana kamar ta wuce turke.

Da na koma gida na tarar Mama ta riga ta ji. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki shebur ta miƙa mini, ta nuna gefen kabarin Baba, ta ce, "Haƙa." Na yi ta haƙa har hannuna ya yi kanta. Ita kuma ta tafi yamma da ƙafarta, ta dawo da Nei Tiebane da iyalinta duka, mutum bakwai, da tabarmar da ƙasusuwan suke ciki. Nan muka binne Ten Tito, kafaɗa da kafaɗa da Baba. Sauran gidaje ukun suna kwana a makaranta.

Yanzu gida ɗaya muke. Ni ke dafa shinkafa, ni ke ɗebo ruwa daga tankin coci. Nei Tiebane tana karɓar kwano daga hannun kowa, ban da nawa. Jiya da hantsi ina wanke jaririyar, ta zo ta tsaya a kaina. Na ɗauka za ta ƙwace ta ne. Sai ta ce, "Ke da kika san lissafin ruwa, gaya mini gaskiya wannan karon. Na ranar sha ɗaya ga wata, zai iso nan?"

Na ce, "Kaka, in ya zagayo ta bayan katangar, zai iya."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To ɗaure kwalekwalen ubanki kusa da ƙofa."

Na ɗaure, Yaya. Saura kwana biyar.

Mama tana gaishe ka. Allah ya tsare mana kai.

Ni ce ƙanwarka,
Rereao