Wata Uku na Baba

Lahadi, 15 ga Oktoba

Dashain, babban bikinmu na shekara, ya kama. Bara ba mu yi ba, muna shekarar makokin Baba, Mama ta kulle akwatin kartarsa a kabad. Yau Yaya Bhuwan ya ce bana sai an buga poka, kartar kuɗi, kamar da. Na ce to.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na sake jin ƙwanƙwasar nan. Sau biyu, a kan teburin falo, yadda Baba yake yi da yatsa in yana jira in yanke shawara. Da rana tsaka, ina tsince shinkafa. Ba kowa a falon.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Bari in rubuta ko na huta. Ina shekara tara Baba ya koya min poka. "Nirjala, bar kallon fuskata. Nawa ne a tsakiya? Nawa za ki zuba? Sau nawa katinki zai zo?" In abin da za a ci ya fi haɗarin, a bi, a zuba kuɗin. In bai kai ba, a ajiye katin.

A asibiti likita ya ce in ba a yi aikin zuciyar ba, wata uku ya rage masa. In an yi, mutum ɗaya cikin huɗu ke tashi, amma wanda ya tashi zai iya ƙara shekara goma. Baba ya juyo ya ce, "Malamar lissafi, me kika gani?" Wata uku a kan wata ɗari da ashirin. Ko minti ban yi ba na ce a bi.

Bai farka ba.

Lissafin daidai ne, na sake shi ya fi sau dubu. Amma watannin nan uku nasa ne, ni kuwa na tura su tsakiya kamar nawa. Da ya ga Dashain ɗin bara.

Talata, 24 ga Oktoba

Mama ce ta manna mana jar shinkafar albarka a goshi. Rabi ta zube min a hanci. Bayan naman akuya Yaya ya kawo sabuwar karta daga shago. Zagaye goma sha ɗaya, duk na ajiye. Har wanda na san ni zan ci.

"Ke wai kallo kika zo? Da can ke ce kike tsiyata mu!" in ji Yaya.

Na ce kaina ke ciwo.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Sabuwar kartar santsi gare ta, Yaya sai mita yake. Mama ta miƙo min makulli. "Ɗauko ta babanku, shekara ta wuce ai."

Warin tabarsa na nan a akwatin. A ƙarƙashin kartar akwai takardar magani a ninke, ita ya yi ta rubuta maki a kai lokacin da muke bugawa a gadon asibiti. A bayanta, da rubutunsa mai karkata: 3, 120, ɗaya cikin huɗu. Ƙasa ya rubuta "a bi", ya ja layi biyu. Ya sa kwanan wata, kamar kullum. Kwana biyu kafin ya tambaye ni.

Tsohon nan! Ashe jarrabawa ce. Har a can ma.

Na daɗe a zaune a ƙasa. Yaya yana ta kira daga falo.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Haushin Baba nake ji. Da ya faɗa min mana.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ranar ƙarshe ta bikin. Rupi ɗari biyar a tsakiya, ɗari zan zuba. Kati ɗaya mai alamar zuciya nake nema, sau ɗaya cikin biyar yake zuwa. Yaya ya riga ya miƙa hannu zai kwashe, ya saba.

Na ce na bi.

Bai zo ba. Yaya ya kwashe yana rawar kafaɗa, wai zai saya min alewa.

Ba wani abu ba ne, ɗari ce kawai. Sai da Mama ta ce in daina, zan ɓata mata tebur, sannan na lura yatsana ne ke ƙwanƙwasawa. Na ce Yaya ya sake rabawa.