Na Dirje Bindigar da Toka

Daren Talata, Gwandu.

Maigidana Malam har yanzu ƙafarsa mai ciwo ba ta taka ƙasa. Zazzaɓin 'yata Hadiza ya sauka, alhamdulillahi. Ni jikina lafiya, zuciya ce ba lafiya.

Jiya ɗana Sani ya ajiye bindigar babansa a ɗakina, zai tafi da ita sintiri ƙauyukan Kalgo. Na gan ta baƙa wuluk, na ɗauka dauɗa ce. Na samo toka da yashi na dirje ƙarfen kamar gindin tukunya, har yana ɗaukar ido. Da murnata na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Inna, baƙin nan ba dauɗa ba ne. Shi ke hana tsatsa, shi ke ɓoye mutum in ana farin wata. Mai kawai ake shafa mata da tsumma."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya shafe ta da baƙin mai, ya rataya, ya tafi.

Na leƙa waje yanzu, wata ya haske ko'ina. Sani, sau uku na sa aka kira wayarka. Don Allah ka neme ni kafin Juma'a, ko muryarka in ji.