Ogana ya fara manta yashi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe.

Ni injiniya ce a wani ƙaramin kamfani a Garki. Muna zana bawul, wato abin da ke buɗe bututun masana'anta ya kuma rufe shi. Kafin a ƙera, sai mu gwada a kwamfuta: mu tura ruwa mai zafi da matsi da yashi, inda ƙarfen zai cinye ya fito ja a allon. Ogana, wanda nake kira Baba, shi ya ɗauke ni ina bautar ƙasa ban san komai ba, shi ya tsaya min a aurena kamar mahaifi. Kullum yakan ce, "'Yata, kada ki yarda da ruwa mai tsabta. Bututun gaske yashi ne a cikinsa."

To yanzu Baba ne ke manta saka yashin a gwajin. Ranar farko na ɗauka gajiya ce. Yana fita sallar azahar na zauna a kujerarsa, na saka yashin, allon ya yi jajir, na gyara zanen na yi shiru. Ya sake, na sake. Tun kafin azumi nake wannan aikin a ɓoye kamar ɓarauniya. Ta yaya zan dubi mutumin da ya koya min aiki in ce masa kansa ya fara barinsa?

Kwanaki matarsa Hajiya ta kira ni daga Dutse Alhaji. "Ke 'yar gida ce, ki faɗa min gaskiya. Jiya ya ɓace a hanyar masallaci. A ofis fa, yana lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, aikinsa ba kuskure." Wallahi na yi ƙarya, kuma ƙaryata ce ta sa ta fasa kai shi asibiti. Kunya kamar ta kashe ni.

Ga shi cikina ya tsufa, wata mai zuwa zan tafi Zariya haihuwa da wankan jego. Akwai bawul na bututun ruwan zafi da Baba zai zana shi kaɗai, kuma mutane ne masu iyali za su tsaya kusa da shi kullum. In na yi magana za a zaunar da shi a gida, aikin nan kuwa shi ne ransa. In na yi shiru, wa zai saka yashin?

Jiya ya kira ni ya nuna min zanen da ni na gyara, yana murmushi. "Kin gani? Hannuna bai mutu ba. Je ki haihu hankali kwance, 'yata." Na shiga banɗaki na yi kuka.

Jama'a, shi zan fara faɗa wa, ko Hajiya? Don Allah, me zan yi?