Wanda Ya Fita Daga Urushalima

Daga Fedaya a Babila, zuwa ga ƙanwata Hogla a Mizfa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Uri. Wani matafiyi ya kawo mini labarin kina raye, na yi kuka kamar yaro.

Kaldiyawa, mutanen Babila, sun ba ni gona a bakin ruwa, sha'ir ya yi kyau, amma ba na jin daɗin abinci. Mutanenmu da aka koro nan ba sa zama inuwa ɗaya da ni. Jiya wani tsoho ya ce mini, "Sannu, ɗan gidan Kaldiyawa, nawa suka saye ka?"

Kin san annabi ya ce Ubangiji ne ya turo Kaldiyawa su kewaye Urushalima saboda zunubanmu, wanda ya fita ya miƙa wuya zai rayu. Na gaskata, na fita, na bar Inna cikin birni da yunwa. Duk wanda na tambaya game da ita sai ya kau da kai. Ki faɗa mini gaskiya, ko da ta tsine mini ne.

Ki huta lafiya.

Daga Hogla, zuwa ga Yaya Fedaya.

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna nan muna tsinkar inabi a gonakin da masu su suka tafi.

Inna ta rasu kafin garu ya faɗi. Gurasarta take ɓoye wa Uri, ta ce mana ta ci. Mijina Elyada kuma an kashe shi a bakin ƙofar da yake tsaro.

Ba ta tsine maka ba. Washegarin fitarka ta ɗaure kayanta, ta ce, "Yaron nan ya fi mu jin magana, tashi mu bi shi." Ni na tare ƙofar ɗaki. Na ce, "Inna, idan surukarsa ta gudu wurin maƙiya, da wane ido Elyada zai kalli abokansa?" Ta dube ni, ta kwance kayan, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Ka daina azabtar da kanka, Yaya. Nauyin nan nawa ne.

Ubangiji ya tsare ka.

Daga Fedaya, zuwa ga Hogla.

Ina gaishe ki. Na karanta. Da na tsaya na goya ta na fita da ita, da ba ki sami wadda za ki tare ba.

Ayari zai taso bayan kaka. Ki biyo shi da Uri, na fara ginin ɗaki.