Kunun ayar da na zuba a jakar ruwan Yayata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a sassauta min, domin ni kaina na gama ƙyamar kaina kafin kowa ya fara.

Ina zaune a Funtuwa a gidan Yayata, ina koyarwa. Bara likita ya ce jininta na hawa, ya umarce ta da motsa jiki. Sai da ta yi wata biyu tana lallaɓa mijinta, Alhaji, kafin ya yarda mu riƙa fita gudu da safe, mu huɗu mata, cikin dogayen hijabai, a hanyoyin gonakin bayan gari. Ni don raɓa nake zuwa, da yadda dawa ke sunkuyo kai kamar tana gaishe mu. Ita kuwa da gaske take. Da farko tana riƙe gorar ruwa a hannu, kafaɗa na ciwo, tana tsayawa kowane ɗan nisa, har ta yi odar wata jakar ruwa da ake goyawa a baya, mai siririn tiyo da ke zuwa baki, kana gudu kana tsotsa. Daga nan ta zama wata daban, ba ta tsayawa, jinin ma ya sauka. Sharaɗi ɗaya ta kafa min: "Auta, ki ara in kina so, amma ruwa kaɗai ake zuba mata. Kin ji ko?"

Da ta tafi biki Malumfashi na sati biyu, sai na ɗauka. Me ya kai ni? Kawai na raya a raina daɗin da zan ji ina gudu cikin gonakin auduga, kunun aya mai sanyi na bin maƙogwarona. Na zuba, na sha, na dawo na ɗauraye jakar sau ɗaya na rataye a bayan ƙofa. Ko kaɗan ban tuna da tiyon ba. Ni da na san kunun aya ba ya kai yamma bai yi tsami ba!

Ranar da ta dawo gudu, ta tsotsa ta yamutsa fuska. "Auta, ruwan nan bauri yake. Kin taɓa jakar?" Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ni? A'a, Yaya, ƙila robar ce." Ta ci gaba da sha, tunda rana ta ɗaga kuma hanya da nisa. Washegari muka fita, ta sake sha. A rana ta uku ta durƙushe a gefen kunyar masara tana kelaya amai, ciki ya tsinke, sai a Keke Napep muka kai ta asibiti. Kwana biyu ana yi mata ƙarin ruwa. Alhaji ya tsaya a bakin gado ya ce, "Na faɗa tun farko, mace mai 'ya'ya uku da guje-guje a dawa? An gama. Ko ƙofar gida kar na ji." Ina tsaye da kwanon sha a hannu, na bari aka ɗora wa gudun laifi.

Jiya ta kira ni ɗaki ta miƙo min jakar. "Karɓi, ƙanwata. Jikina ne ba ya so, na haƙura. Ke ki yi min gudun." Har da murmushinta. Na shiga banɗaki na sa reza na tsaga tiyon, domin ina so in tabbatar. Wayyo Allah. Baƙar fumfuna ce ta lulluɓe cikinsa daga farko har ƙarshe, mai yauƙi kamar majina, ga wari kamar na kwata. Wannan ƙazantar na bari 'yar'uwata ta tsotsa kwana uku ina gudu a gefenta ina kallon gajimare. Na yi ta amai har idona ya yi ja, na wanke hannu sau nawa amma har yanzu ina jin warin. Wace irin mutum ce ni? Ina koya wa yara tsafta da gaskiya a aji, sannan in yi wannan?

Yanzu an mayar da ita kan ƙwayoyin hawan jinin da ta rage sha, ƙafarta ta fara kumbura. In na faɗa, wataƙila Alhaji ya gane ba gudun ba ne, ya bar ta ta koma. Amma za ta san na kalli idonta na yi mata ƙarya, kuma na tsaya a asibiti na yi shiru. Tsagaggen tiyon yana cikin leda a ƙasan akwatina, na kasa jefarwa, na kasa nunawa.

'Yan'uwa, don girman Allah, me zan yi?