Minti Biyun Auta

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya kare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, hawan jinin ma ya sauka tun da ta yarda ta rage gishiri, ko da yake kullum sai ta yi mitar an mayar da ita mai cin abincin asibiti. Baban yara yana nan yana fama da shagonsa, ni kuma ina kan kekena, ɗinkin kayan makaranta ya sa ni gaba. Kawu Direba ya sayar da tsohuwar motar nan a ƙarshe, unguwa ta huta da hayaƙi.

Abin da ya sa na zauna na rubuto, maimakon in kira ka a waya ka yi ta katse ni kamar yadda ka saba, shi ne maganar Auta da jarrabawar Turancinta. Saƙon da ka aiko mata wata biyu da suka wuce, inda ka ce wasa ta yi shi ya sa ba ta ci ba, bai yi mini daɗi ba, kuma na riƙe shi a raina har yau. Ba ta nuna wa kowa ba, ni na gani a wayarta. Ka san asibitin can ƙasar da kake sun ce za su ajiye mata gurbin aikin jinya zuwa ƙarshen watan jiya ne kawai, in ba ta kawo sakamakon da hukumar lasisi ke nema ba, su ba wani. Yarinyar da ta shekara uku tana tara takardu ba za ta yi wasa da wannan ba. Bari ka ji yadda abin ya kasance.

Ranar da sakamakon farko ya fito, Kawu ne ya fara karɓar wayar. Ya ga bakwai da rabi cikin tara an rubuta da manyan lambobi, ya hau kabbara, ya fita ƙofar gida yana gaya wa duk wanda ya wuce. Ni ma na yi guɗa, ba zan ɓoye ba. Auta kaɗai ce ta zauna a hannun kujera ba ta shiga murnar ba. Da hayaniya ta lafa, sai ta nuna mana ƙananan lambobi huɗu da ke ƙasa. Ashe jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Ta sami takwas da rabi a sauraro, takwas a karatu, bakwai a rubutu, shida a magana. Babbar lambar da muke wa murna haɗa su aka yi aka raba, su kuwa masu ba da lasisin bakwai suka ce suna so a kowane kashi, ba ruwansu da haɗi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kawu ya ce bai yarda ba, ai ɗan maƙwabcinmu mai chemis shida da rabi ya samu kuma ga shi can yana karatu a jami'a. Auta ta yi masa bayani a hankali cewa kowace ƙofa da ma'auninta: abin da makaranta za ta karɓa daban, na masu ba da izinin zama daban, na wanda za a danƙa wa ran majiyyaci kuma daban. Murna ta koma ciki, Kawu ya koma ƙofar gida yana warware abin da ya shuka.

Da na matsa mata, sai ta faɗa mini yadda kashin maganar ya gudana. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, kujera biyu, da na'urar ɗaukar murya. Wadda ta yi mata tambayoyin dattijuwa ce mai furfura, sa'ar Inna. Kowace tambaya Auta ta amsa ta daidai, a taƙaice, kanta a ƙasa, ta yi shiru tana jiran ta gaba. Da aka ba ta kati aka ce ta yi bayani na minti biyu a kan wani wuri da take so, ko minti ɗaya ba ta cika ba ta gama. Matar ta jira, ita ma ta jira. Ka ga Turancin bai gaza ba. Abin da suke aunawa shi ne ko mutum zai iya jan zance ya faɗaɗa shi, ita kuwa tun tana ƙarama ake yabonta da rashin surutu. A wurin aiki ma haka, likitoci ita suke so ta ba da rahoton majiyyaci, don jimla uku take yi ta gama.

Ban san Inna tana jin mu ba, tana daga kicin. Washegari da la'asar ta sa aka sauko mata da agogon bangon falo, mai jan hannun nan da ke zagayawa. Ta jingina shi a kan tebur, ta ɗauko cokali da faranti, ta kira Auta. Ta ce ita ce ta yi ta gaya mana magana zarar bunu ce, ita ta hana mu ɗaga ido a gaban babba, kuma duk cikinmu Auta ce kaɗai ta ji maganar, tunda ni da kai ba mu taɓa rufe baki ba. Ta ce bakin da ta rufe da hannunta, ita za ta buɗe shi.

Wallahi, Injiniya, da ka ga wannan makaranta da ka yi dariya har ka yi hawaye. Inna da ba ta jin Turanci ko na sannu, ita ce mai jarrabawa. Sai ta ba da batu da Hausa, ta ce a ba ta labarin takalmin da aka fi so, ko ranar da aka fara yi wa mutum allura, Auta kuma ta amsa da Turanci har jan hannun ya zagaya sau biyu. In ta tsaya tana laluben kalma, ko muryarta ta yi ƙasa, ko ta sunkuyar da kai, sai ka ji ƙwal, cokali a kan faranti, a koma farko. Na ce wa Inna ta yaya take sanin ba shirme ake zuba mata ba. Ta ce ma'anar aikin littattafan Auta ne, ita nata kunnen gargada yake saurare, kuma mai tsoro ko da wane harshe yake magana an san shi. Satin farko sun sha kuka, don Auta ta kasa haɗa ido da ita ko na daƙiƙa goma. Inna ba ta sassauta ba. Ko Auta ta dawo daga aiki a gajiye, ƙafa a kumbure, sai an yi zagaye biyar kafin a kira magariba. Kwana arba'in da ɗaya suka yi a haka, na ƙirga.

Ni abin da ya fi taɓa ni, Inna ta san sarai abin da take yi wa kanta. Auta ce ke auna mata jini kowace safiya, ita ke jera mata magunguna a ƙaramin akwati, ita ke matsa mata ƙafa. Duk zagayen agogon nan nesa yake ƙara kai 'yarta. Ban taɓa jin ta yi ko tsaki a kai ba. Na daɗe da sanin uwarmu jaruma ce, amma bana na gani da idona, kuma ina alfahari da su biyun.

Auta ta sake zama jarrabawar, sakamako na biyu ya fito saura kwana shida wa'adin ya cika. Wannan karon ba wanda ya kalli babbar lamba, har Kawu ƙananan ya bi da yatsa yana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Rubutu bakwai cif, magana bakwai da rabi, sauran biyun suna sama da haka. An tura, asibitin sun amsa, gurbin nata ne. Auta ta ce ranar ma wani dattijo ta samu a kashin maganar, sai da ya ɗaga hannu ya tsayar da ita don lokaci ya cika ba ta gama ba. An ce mana sakamakon shekara biyu yake aiki, don haka ka taimaka a hanzarta sauran takardun. Kafin nan kuma ka kira ta ka ba ta haƙuri, ba saƙo ba, kira. Ni yayarka ce, ba shawara nake ba ka ba.

Yanzu ni ke koyon awon jinin, Inna tana cewa hannuna nauyi gare shi kamar na maƙeri. Jiya ta kira ni gefe, ta ce kafin tafiyar in ɗaukar mata muryar Auta a waya tana irin bayanin nan, guda goma ko fiye, don ta riƙa saurare. Na ce gara a yi mata da Hausa tunda ita za ta fahimta. Ta ce a'a, na Turancin take so. Shekara ashirin da bakwai tana tare da yarinyar nan, amma sai a cikin Turancin ta fara jin muryarta na tsawon minti biyu ba yankewa. Mun ɗauki uku yau da safe, saura bakwai.

Ka gaishe mini da Amarya da kyau, da Sarkin Ɓarna da 'yar ƙanwarsa, Allah Ya raya mana su. Inna tana sa muku albarka. Kawu, Baban yara da yaran duk suna gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yaya Babba