Shafi Ukun Baba

Zuwa ga Yaya,

Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da gida. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Tana shan maganin da kanta, ko har yanzu sai kin tsaya a kanta kamar ɗan sanda? Ki gaishe da maigidan da yara, da masu ciwon sugan asibitinku.

Aikinmu ya karɓu. Littattafan nan shida da kika cika da hannunki, na awon ƙafar masu suga da igiyar fatsa don a gane ko ƙafar tana ji, yadda Baba ya koya miki, babbar mujalla ta ce za ta buga abin da muka fitar daga cikinsu. Sunanki ne a gaba, nawa a baya. Shugaban sashenmu a nan jami'a, wanda bai taɓa tambayata ko na karya ba, har teburina ya tako ya yi mini barka. Ya kuma tuna mini cewa sabunta kwantiragina a kan wannan maƙala ya rataya, kamar na manta.

Sai dai akwai sharaɗi. Mujallun nan da yawan ambato ake auna su, wato sau nawa wasu marubuta suka kawo maƙalunsu a manazarta. Na shekara biyun baya kaɗai ake ƙirgawa. Abin da ya girmi haka, a wajensu ya riga mu gidan gaskiya. Manazartarmu talatin ce, ba a yarda a wuce ba. Editan ya rubuto cewa in cire tsofaffi goma sha ɗaya, in sa sababbi na mujallarsu, makinsu ya ɗaga. Cikin waɗanda ya ja wa layi har da shafi ukun da Baba, Allah ya jiƙansa, ya buga a kan awon igiyar nan shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Na bincika, Yaya. Tun ranar da aka buga su, ko mutum ɗaya bai taɓa ambatarsu ba.

Ban ba editan amsa ba tukuna. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Na ji daɗi da sugan Inna ya sauka. Kin ce in cire kawai, Baba ba ya buƙatar ambato a inda yake, ni ne mai buƙatar aiki. Ke ce kika fi ni hankali tun muna yara, amma wannan karon ban bi maganarki ba.

Na zauna na karanta nasu goma sha ɗayan nan kaf. In faɗi gaskiya, bakwai daga ciki sun fi tsofaffin da na sa, har kunya na ji da ban gan su da kaina ba. Sauran huɗun kuwa babu abin da ya haɗa su da ƙafa. Ɗaya ma a kan ɓeraye take.

Mun yi waya da editan. Na zaci azzalumi zan tarar, sai na ji dattijo mai tari, a gajiye kamar ni. Ya ce kamfanin da ya mallaki mujallar ya gargaɗe shi: in maki ya sake faɗuwa bana, kujerarsa ta tafi. Na tausaya masa, na karɓi bakwai. Da ya zo kan maƙalar Baba, ya ce wannan ai ba wanda ya san ta, sai na ce:

"Ranka ya daɗe, ƙafa ɗari tara muka auna da igiyar nan, kuma wannan mutumin ne ya fara. In na cire shi, na ce mu muka ƙirƙiro ke nan, alhali ƙarya ne."

Ban gaya masa mahaifinmu ne ba. Ban so a ce alfarma aka yi masa. Ya ce zai yi tunani, ya ajiye waya.

Kwana tara shiru. Shugaban sashe ya daina amsa gaisuwata, ya ce wa sakatariya wai taurin kai ne zai mayar da ni inda na fito. Ni ma har na fara duba akwatina da ke saman kabad.

Jiya amsa ta zo: sun karɓa. Kwantiragi an sabunta, shekara ɗaya maimakon ukun da aka yi mini alkawari. Shugaba ya huce haushinsa a nan, ban yi masa musu ba.

Yanzu ki gaya wa Inna. In mujallar ta iso, ki buɗe mata shafin ƙarshe, ki ɗora yatsanta a kan sunan mijinta. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Goma sha ɗaya aka nema. Na ba da bakwai, na tsirar da huɗu. Baba yana lamba ta tara a manazartar.

Ƙaninki,
Auta